Farantin Peltier da sanyaya furosesar da aka zaburar: yadda yake aiki, amfaninsa da haɗarinsa

Farantin Peltier wani ɗan faranti ne fari mai kusurwa huɗu, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Da zarar an ba shi wuta, fuskarsa ɗaya ta ɗauki sanyi, ɗayar kuma ta ɗauki zafi. Ba shi da fanka, ba shi da gas irin na firji, babu abin da ke motsi a cikinsa. A Faransanci ana ce masa module Peltier, a kan kwalin kayan kuma sau da yawa haruffan TEC ake gani. Tun ƙarshen shekarun 1990 ya ja hankalin masu zaburar da furosesa, wato masu tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudun da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade mata, domin yana iya sa ta yi sanyin da ya fi na ɗakin da take ciki.

Farantin ba shi da tsada, ana kuma samun bidiyoyi da yawa a intanet da ke nuna ƙanƙara tana taruwa a fuskarsa cikin ƴan mintoci. Sai dai abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne, farantin ba ya kashe zafi. Kwashe shi yake yi daga wannan fuska zuwa waccan, ya kuma ƙara nasa a kai. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya ɗora shi a kan furosesa yana iya asarar na'urar da ya daɗe yana tara kuɗinta.

Mece ce zaburar da furosesa?

Kowace furosesa tana aiki ne bisa bugun wani agogo na cikinta. Ana auna bugun da megahaz ko gigahaz: gigahaz 1 na nufin bugu biliyan 1 a cikin daƙiƙa guda. Kamfanin da ya ƙera ta yana tsayar da iyakar da ya tabbatar za ta yi aiki a kai ba tare da kuskure ba. Zaburarwa, wadda ake kira surcadençage a Faransanci, ita ce ɗaga wannan bugu ta cikin saitin BIOS ko ta wata manhaja. Intel na buɗe wannan ƙofa a furosesoshinsa masu harafin K a ƙarshen lambarsu, AMD kuma a yawancin samfurin Ryzen. Dukansu biyu suna gargaɗin cewa lalacewar da ta biyo bayan zaburarwa na iya fita daga cikin garanti.

Matsalar ita ce zafi. Kusan duk wutar da furosesa ta sha, zafi take komawa. Zafin yana ƙaruwa daidai da yadda aka ƙara bugun agogo, amma ƙarin ƙarfin wuta, wato bolt, ya fi haka muni, domin ninki biyu yake shiga lissafi. Idan aka ƙara bugu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara bolt da kashi 10 cikin 100 don furosesar ta tsaya da ƙafafunta, zafin zai ƙaru da kusan kashi 33 cikin 100. Idan ya kai iyaka, wadda a yawancin furosesoshin Intel na teburi digiri 100 ce a ma'aunin Selshiyos, sai furosesar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Fanka da radiyeta, ko na'urar sanyaya da ruwa, duk suna da iyaka guda: ba za su taɓa sauke furosesa ƙasa da zafin iskar ɗaki ba. A ɗakin da ke da digiri 22 wannan ba damuwa ba ce. A shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki a Yamai, Injamena ko Maruwa cikin watan Afrilu, inda zafin waje ke wuce digiri 40, furosesa tana fara tseren ne daga baya. Farantin Peltier na cikin ƴan hanyoyin da ke iya tsallake wannan iyaka.

Asalinsa

Sunan ya samo asali ne daga Jean Charles Athanase Peltier, Bafaranshe da aka haifa a garin Ham a shekarar 1785, ya rasu a Paris a 1845. Sana'ar agogo ya fara yi, daga baya ya bar ta ya koma binciken kimiyya. A 1834 ya lura cewa idan wuta ta ratsa mahaɗar ƙarfe biyu mabambanta, mahaɗar tana yin sanyi ko zafi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Kafin shi, a 1821, Thomas Johann Seebeck a Jamus ya gano kishiyar haka: idan mahaɗa ɗaya ta fi ɗayar zafi, ana samun lantarki. A 1838 Emil Lenz a Rasha ya ɗiga ruwa a mahaɗar bismut da antimoni, ruwan ya daskare, da ya juya wutar kuma ƙanƙarar ta narke.

Fiye da shekara ɗari abin bai wuce ɗakin gwaji ba, saboda ƙarafa na yau da kullum sanyin da suke bayarwa kaɗan ne. A shekarun 1950 ne aikin Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyet, da na Julian Goldsmid da abokin aikinsa Douglas a Ingila a 1954, ya nuna cewa sinadaran semikondakta sun fi dacewa, musamman haɗin bismut da teluriyom. Har yau da wannan haɗi ake ƙera yawancin farantan da ke kasuwa.

Yadda yake aiki

A tsakanin falle biyu na tangaram an jera ƙananan duwatsu na semikondakta iri biyu, nau'in N da nau'in P, an haɗa su bi da bi da ƴan guntayen jan ƙarfe. Wuta tana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar sarƙa. A kowace mahaɗa ta sama ƙwayoyin lantarki suna ɗaukar zafi, a mahaɗar ƙasa kuma su sauke shi. Saboda duk mahaɗan sama suna manne da falle ɗaya, wannan fallen ne ke yin sanyi.

Samfurin da aka fi sani shi ne TEC1-12706. Faɗinsa milimita 40 ne, tsawonsa milimita 40, kaurinsa kusan milimita 4. Lambar 127 tana nufin yawan ma'auratan N da P da ke ciki, 06 kuma amfiya 6, iyakar wutar da aka tsara masa. Irinsa ne ake samu a ƙananan kulolin sanyaya abin sha na mota da wasu na'urorin ruwan sanyi na ofis.

Lambobi biyu ne ke bayyana ƙarfin kowane faranti. Ta farko ita ce yawan zafin da zai iya kwashewa, wanda a wannan samfuri yake tsakanin wat 50 zuwa 60. Ta biyu ita ce tazarar zafi mafi girma tsakanin fuskokinsa biyu, kusan digiri 65 zuwa 70. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa ana samun biyun a lokaci guda. Tazarar digiri 65 tana samuwa ne kawai idan babu wani zafi da ake kwashewa, kamar a bidiyon ƙanƙara. Wat 55 kuma ana kwashe shi ne lokacin da fuskokin biyu suke da zafi ɗaya, wato babu sanyin da aka samu. Abin kamar jan ruwa ne a rijiya: iya zurfinta, iya ƙarancin ruwan da mutum zai fitar da ƙarfi ɗaya.

Lissafin zafi

A cikakken ƙarfinsa, farantin TEC1-12706 yana shan kusan bolt 15 da amfiya 6, wato wat 90. Wannan wat 90 ma zafi yake zama, kuma a fuskar zafi yake fita tare da wanda aka kwaso.

Idan furosesa tana fitar da wat 30, farantin zai iya ba da tazarar kusan digiri 30. Radiyetar da ke bayansa za ta ɗauki wat 30 na furosesa da wat 90 na faranti, jimilla wat 120, ninki huɗu na abin da za ta ɗauka da babu farantin. Idan ta iya riƙe fuskar zafi a digiri 45, fuskar sanyi za ta tsaya a wajen digiri 15. A nan an ci riba, ko da yake da tsada.

Idan kuma furosesar irin Core i9-13900K ce, wadda Intel ya rubuta tana iya shan wat 253 a iyakar gudunta tun kafin a zaburar da ita, faranti ɗaya ba zai kwashe ko rubu'in zafinta ba. Sauran zafin zai maƙale, domin haɗin bismut da teluriyom ba ya barin zafi ya wuce da sauƙi. An zaɓe shi ne ma saboda haka. Farantin sai ya zama bargo a kan furosesar. Ana buƙatar irinsa biyar kafin a kwashe wat 253 ba tare da an samu wani sanyi ba, su sha wat 450, radiyeta ta ɗauki kusan wat 700. Kuma biyar ɗin ba za su shiga saman furosesa ɗaya ba.

Ana iya rage ɓarnar ta hanyar amfani da faranti da yawa, kowanne a rabin ƙarfinsa ko ƙasa da haka, domin a ƙaramar wuta sun fi tattali. Duk da haka firji mai kwamfureso ya fi su tattalin wuta nesa ba kusa ba, shi ya sa manyan firji da na'urorin sanyaya ɗaki ba sa aiki da Peltier.

Kuɗin wuta ma abin dubawa ne. Na'urar da ke shan ƙarin wat 200, idan tana aiki awa 8 kullum, za ta ƙara kilowat-awa 48 a wata. Ga mai dogaro da janareta, batir ko hasken rana, wannan nauyi ne da ake ji. Zafin kuma a cikin ɗakin yake ƙarewa, ya ɗaga zafin iskar da radiyeta ke shaƙa.

Zamanin da ya yi tashe

Farantin ya yi suna ne lokacin da furosesoshi ba su da yawan zafi. Misalin da aka fi tunawa shi ne Celeron 300A da Intel ya fitar a 1998. An sayar da ita a megahaz 300, amma masu zaburarwa sun gano cewa idan aka ɗaga bugun babban allo daga megahaz 66 zuwa 100, da yawansu suna kaiwa megahaz 450, su yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai tsada. Zafinta bai kai wat 20 ba a asali, bayan zaburarwa ma yana kusa da wat 30. Faranti ɗaya ya ishe ta.

Da aka shiga shekarun 2000, Pentium 4 da Athlon suka ɗaga zafi zuwa wat 60, 80, har sama da 100. Masu sha'awar suka koma manyan faranti masu ƙarfin sama da wat 200, da akwatin wuta na daban, da ruwa mai zagayawa don sanyaya fuskar zafi. Kamfanin CoolIT na Kanada ya fitar da na'urori da ke sanyaya ruwan da farantan maimakon a ɗora su kai tsaye a kan furosesa. A 2009 Cooler Master ya fitar da V10, radiyeta mai fanka da faranti a ciki wanda ke kamawa idan zafi ya hau. Amma yayin da furosesoshi ke ƙara yawan ƙwayoyin aiki, daga biyu zuwa huɗu zuwa takwas, sai yawancin mutane suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Raɓa: babban haɗari

Kwalbar lemo mai sanyi tana gumi idan aka fito da ita daga firji. Ruwan ba daga cikin kwalbar yake fitowa ba, danshin iska ne ke sauka a jikinta. Kowace iska tana da matakin raɓa: duk abin da sanyinsa ya kai wannan mataki, ruwa zai taru a kansa. Idan abin nan furosesa ce da ramin da take zaune a babban allo, ɗigo kaɗan ya isa ya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba, ko ya jawo tsatsar da za ta ci ƙafafun a hankali.

Matakin raɓa ya dogara ne ga zafi da danshin wurin, don haka na'ura ɗaya tana iya zama lafiya a wani gari, ta zama haɗari a wani. A iska mai digiri 40 da danshi kashi 10 cikin 100, irin ta bazara a Agadas ko Damagaram, raɓa ba ta sauka sai abu ya kai kusan digiri 3. A iska mai digiri 30 da danshi kashi 80 cikin 100, wadda ba baƙuwa ba ce a Duwala, Kwatano ko Akra, tana sauka tun daga digiri 26. A can, sanyin digiri 4 kacal ƙasa da na ɗaki ya isa ya jiƙa allo. Garuruwan Sahel ma ba su tsira ba, domin da damina ta kankama a Yuli da Agusta matakin raɓa yana haura digiri 20.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da kwamfuta take zaune ba ta aiki. Furosesar zamani tana sauka zuwa ƴan wat kaɗan idan ba a ba ta aiki ba, farantin kuwa, idan babu abin da ke sarrafa shi, yana ci gaba da ja da cikakken ƙarfi, har fuskarsa ta sauka ƙasa da sifili. Masu yin wannan aiki da hannu suna rufe kewayen furosesa da soson roba, su cika ramin da man silikon da ba ya wuce da lantarki, su shafe bayan allo da abin hana ruwa. Maganin da ya fi inganci shi ne na'urar sarrafawa mai auna zafi da danshin ɗaki, wadda ke rage wutar farantin kafin a kai matakin raɓa.

Sauran matsaloli

Idan famfon ruwa ko fankar fuskar zafi ta tsaya, farantin yana dafa kansa cikin ƙanƙanen lokaci. Dalmar da aka haɗa yawancin masu araha da ita tana narkewa a digiri 138. Idan wutar farantin ce kaɗai ta yanke, furosesa ta rage ƙarƙashin abin da ba ya wuce da zafi. Idan aka juya wayoyin, ko aka kifa farantin, fuskar zafi ce za ta manne da furosesa. Yawan hawa da saukar zafi kuma yana tsattsage mahaɗan a hankali, abin da yawan ɗauke wuta ke ƙara tsanantawa.

Akwai kuma batun girma. Asalin ƙwayar furosesa ta fi farantin ƙanƙanta, don haka ana sa faifan jan ƙarfe mai kauri a tsakaninsu domin ya baza zafin ga dukan fuskar. Kowace mahaɗa tana buƙatar man isar da zafi da matsi daidai; matsin da ya karkace yana fasa tangaram. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa babu wurin faranti, babu wutar da za ta ishe shi, babu kuma hanyar fitar da zafinsa.

Yunƙurin Intel na 2020

A ƙarshen 2020 Intel ya sake farfaɗo da dabarar da sunan Cryo Cooling Technology, tare da kamfanonin EK da Cooler Master, waɗanda suka fitar da QuantumX Delta TEC da MasterLiquid ML360 Sub-Zero. Na'urorin sun haɗa babban faranti, sanyaya da ruwa, da allon sarrafawa mai auna danshi wanda ke magana da manhajar kwamfuta don riƙe sanyi sama da matakin raɓa. Wutar da suke sha tana kaiwa kusan wat 200.

Sun yi amfani a aikin da ke ɗora nauyi a kan ƙwaya ɗaya ko biyu, kamar wasu wasanni, inda furosesa mai sanyi ke iya riƙe bugu mafi girma. Idan aka ɗora wa dukan ƙwayoyin aiki a lokaci guda, kamar harhaɗa bidiyo, zafin yana fin ƙarfin farantin, har na'urar ruwa ta yau da kullum ta kamo shi ko ta wuce shi. A 2023 Intel ya daina shirin.

Masu neman kafa tarihi kuwa sun daɗe da barin Peltier. Busasshiyar ƙanƙara tana kai digiri 78 ƙasa da sifili, ruwan naitirojin digiri 196 ƙasa da sifili. Da ruwan hiliyom, wanda ya fi su sanyi, aka kai AMD FX-8150 gigahaz 8.429 a 2011, aka kuma tsallake gigahaz 9 da Core i9-13900K a ƙarshen 2022. Wannan gudu na ƴan daƙiƙu ne a wurin gasa, ba na aikin yau da kullum ba.

Inda farantin ke da amfani

Rashin dacewarsa da manyan furosesoshi bai rage masa daraja a wasu fannoni ba. Inda zafin da za a kwashe kaɗan ne, ake kuma son daidaito da rashin ƙara, da wuya a samu kamarsa. Shi ke riƙe zafin fitilun leza da ke tura bayanai a wayoyin gilashi na intanet, yana sanyaya idon kyamarorin hangen taurari, yana ɗagawa da sauke zafi a injunan gwajin PCR na asibitoci. Ƙananan na'urorin da masu wasa ke maƙalawa a bayan wayar salula ma da shi suke aiki, saboda zafin waya ƴan wat ne kawai.

Ga mai gyaran kwamfuta ko mai shagon wasanni da ke fama da zafi, matakan da suka fi ba da sakamako sun fi sauƙi: a share ƙurar hunturu daga radiyeta da fanka, a sabunta man isar da zafi idan ya bushe, a gyara shigar iska da fitarta a akwatin, a sa babbar radiyeta ko na'urar ruwa, a kuma gwada rage bolt maimakon ƙara shi, wanda sau da yawa ke sauke zafi ba tare da an rasa gudu ba. Wanda duk da haka yake son gwada Peltier, akwai lambobi huɗu da ya kamata ya rubuta kafin ya sayi komai: wat nawa furosesarsa ke fitarwa a cikakken aiki, wat nawa farantin zai kwashe a tazarar da ake so, ko radiyeta da akwatin wuta za su ɗauki jimillar, da kuma matakin raɓa na ɗakinsa a watan da ya fi danshi. Gwajin farko kuma a tsohuwar kwamfuta ake yin sa, wadda asararta ba za ta tsayar da sana'a ba.